Taken da Muka Mayar Sakkwato

Mun tashi daga Kaduna ranar Laraba ana idar da sallar asuba, mu biyar da direba, cikin tsohuwar bas ɗin nan tamu da ba ta tashi sai an tura. Ganguna da lasifikoki an ɗaure su a sama da igiya, jitoci kuwa a kan cinyoyinmu. Ɗaliban sabuwar jami'ar Sakkwato ne suka gayyace mu wasa ranar Asabar. Masu tare ni a hanya suna tambayar yadda aka ƙare, to ga labarin, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Shekararmu goma sha huɗu muna wannan kiɗan jita da ake kira rok. Mun yi Kano, mun yi Jos, mun yi Legas har sau uku, mun haura Maraɗi da Damagaram. Lokacin yaƙin basasa barikokin soja muka riƙa bi, wani wuri a sallame mu da kuɗi, wani wuri da buhun shinkafa. Amma Sakkwato, inda aka yanke wa ƙungiyar cibiya, ba mu taɓa kafa lasifika ba. Ni da makaɗinmu 'yan Ƙofar Rini ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni ɗan masu sayar da yadi ne. Shi kuwa gidansu gidan kalangu ne, makaɗan mahauta tun kaka da kakanni. A bayan rumfar babana muka fara, ni da wata jita mai tsirkiya huɗu da wani malaminmu Bature ya bar mini da zai koma gida, shi da garwar kananzir biyu da murfin tukunya.

Ga inda gizo ke saƙar. Kiɗan nan da muke buɗe wasa da shi, wanda in ba mu yi ba kuke hana mu sauka, ba namu ba ne. Taken Sarkin Pawan unguwarmu ne. Take kiɗa ne na mutum guda, in an kaɗa shi tamkar an kira sunan mai shi ne, kuma ba mai ikon kaɗawa sai makaɗin gidansa. Mahaifin abokina makaɗin nan namu shi ne mai wannan iko. Abokina ya ɗauko taken a ka, na ɗora masa jita, muka tafi da shi Kaduna. Da labari ya kai wa tsohon cewa ana taka rawa da taken ubangidansa a otal-otal, sai ya aiko a gaya wa ɗansa ya zauna can inda yake. Shekara tara ke nan abokina bai taka Sakkwato ba. Ɗalibai kuma sun rubuta ƙarara cewa da wannan kiɗan suke so a fara. Daren da za mu tashi abokina ya ce mini ba zai kaɗa shi a garin ba sai da yardar tsoho, in kuwa aka kore shi daga zaure, to ya ajiye sandunan kiɗa ke nan har abada. Na san shi, ba ya magana biyu.

Titin Zariya ya yi kyau, sai dai ya cika. Tun da aka yi ƙarin albashin nan kowane akawu ya sayi babur, mai ɗan ƙarfi ya sayi mota, kuma duk a kan titi suke koyon tuƙi. A Funtuwa muka karya kumallo da koko da ƙosai. Ƙosan da muka sani uku kwabo yanzu ɗaya ne, shi ma ya rame. Mai ƙosan ta ce ita ba ruwanta da kuɗin zamani, sisi da sule ta sani, sai da mawaƙinmu ya zauna ya yi mata lissafi da tsakuwa.

A Gusau muka iske layin mai ya kai kusan bakin kasuwa. Ƙasar da ake cewa mai ya yi mata yawa, ga mu muna saye a garwa a bayan tasha, kuɗinsa ninki biyu, direba yana shinshinawa ko an sirka da kananzir. Taya kuma ta fashe, dole muka kwana. Washegari muna fita gari sai ga shingen soja. Wani kofur ya ce a sauke komai. Mun fara kwance igiya muna ƙunƙuni, sai ya ƙura wa mawaƙinmu ido, ya ce ai ya san mu, mun yi musu wasa a bariki lokacin yaƙi. Bai bar mu mun wuce ba sai da aka rera masa baiti biyu a tsaye a bakin titi, yana kaɗa bindiga kamar jita. Kowa ya yi dariya ban da makaɗinmu, wanda tun Funtuwa ba abin da ya shiga bakinsa sai goro.

Wajen Talatar Mafara manyan injuna ne ke ture ƙasa, an ce madatsar ruwa za a yi. Can muka sha fura da nonon da ba a sirka da garin kuka ba, irin wanda Kaduna ta mantar da mu. Muka shiga Sakkwato ana kiran azahar, rana kamar ta sauko ta zauna a ka. Mai babbar jitarmu mutumin Jos ne, ya jiƙa tawul ya ɗora a ƙeya, ya ce wannan ba gari ba ne, tanda ce. Na ce masa ai yanzu ma da sauƙi.

Garin ya canja mini. Inda na bari fili yanzu bulo ne da kwano, ga ma'aikatu, ga 'yan kwangila da dogayen motoci. Ɗalibai suka sauke mu a ɗakunansu na wucin gadi, da yamma suka kai mu bayan gadar Kwalkwalawa mu ga inda ake gina musu mazauni. Ba mu ga komai ba sai turaku da tarin yashi da fadamar albasa kore shar, amma yadda suke nunawa da hannu, nan ɗakin karatu, can asibiti, sai ka rantse sun riga sun tare. Yaran sun burge ni. Da safiyar Juma'a muka yi ziyara a Hubbare, muka sayi hoce, gurasar dawar nan ta Sakkwatawa, a bakin hanya, abokina ya sayi ƙwaryar goro fari.

Bayan an sauko daga masallaci muka nufi Ƙofar Rini mu biyu. Ni na fara shiga, a matsayina na ɗan maƙwabci. Tsohon yana zaune a zaure kan buzu, ya rame, hannayensa suna rawa a kan gwiwa, kalangunsa rataye a bango. Tun kafin in gama sallama ya gane muryata, ya tambayi Kaduna da ruwa da aiki. Da gaisuwa ta ƙare na ce masa ɗansa yana waje.

"Ce mishi shi shigo," in ji shi. "Ba a barin baƙo ga rana."

Abokina ya shigo ya tsuguna, ya tura goro gaba, ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon bai ko dubi goron ba, bai kuma tayar da zancen shekara tara ba. Bango ya nuna da haɓa.

"Ɗauko. Kaɗa min abin da kaka kaɗa ma mutane."

Abokina ya saɓa kalangu ya fara. Bai kai rabi ba tsohon ya ɗaga hannu ya tambaye shi ina tsayin. A tsakiyar taken akwai inda ganga ke ɗaukewa ɗif, kamar numfashi biyu. A nan ne Sarkin Pawa ke tsayawa ya ɗaga wuƙa sama, mahauta su amsa masa, sannan kiɗa ya ci gaba. Mu kuwa mun toshe wurin tun shekarar farko, kuma ni ne na matsa a toshe, don in ganga ta ɗauke masu rawa a Kaduna kan yi cirko-cirko su zaci wuta aka ɗauke. Na buɗe baki na ce, Baba, laifina ne, na gaya masa dalili.

"Ashe rigar Sarki kunka ɗauka, kunka bar mutumin," in ji shi.

Sannan ya gaya mana abin da ba mu sani ba. Mai taken ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Mahauta yanzu kowa da rediyonsa rataye a rumfa. Ƙannen abokina ɗaya ya shiga soja, ɗaya yana tuƙi a ma'aikata, shi kuma tsohon hannu ya ƙi. Tun ranar sadakar arba'in ba a sake jin taken a garin ba. Ya faɗi wannan duka yana kallon ƙasa, ba ɗaga murya. Da muka tashi tafiya ya ce a kaɗa, amma da tsayinsa. Ko zai zo, bai ce ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Safiyar Asabar gaba ɗaya a gwaji ta tafi. Sabo turken wawa, duk lokacin da aka zo tsayin sai hannuna ya zarce, sauran su yi mini caa. Sai da mawaƙinmu ya ce zai riƙa taka mini ƙafa.

A filin wata makaranta aka yi wasan, bayan la'asar, da sharaɗin a tashi kafin magariba. Ɗalibai a gaba, wanduna masu faɗin ƙafa, takalma masu tudu, suma kamar kwando. Mutanen gari kuwa suna can bayan wayar shinge, cikinsu har da mahauta da suka taso daga kasuwa. Muka buɗe da taken. Ɗalibai suka ɗauki rawa, ƙura ta tashi, muka iso wurin, aka taka mini ƙafa, muka ɗauke. Filin ya yi tsit. Na ga yara suna waige-waige, na ce a raina shi ke nan, mun kunyata. Sai wani ƙato daga bayan waya ya ɗaga hannu sama ya dunƙule, mahautan da ke kewaye da shi suka amsa da murya ɗaya. Babban ɗan marigayi Sarkin Pawa ne. Abokina ya sauko wa gangunan nan kamar zai fasa su. Da tsayin ya sake zagayowa, ɗalibai ma suka ɗaga hannu suka amsa, ko da yake ba su san abin da suke amsawa ba. Can gefe ƙarƙashin bishiyar dogon yaro na hango tsohon a kan tabarma, wani ya kawo shi a babur. Ba zan ɓoye ba, hawaye na yi, sauran kiɗan ban san yadda na kaɗa shi ba. Kafin mu naɗe wayoyi mahauta sun aiko da cinyar rago, yadda suka saba yi wa makaɗansu.

Lahadi da hantsi muka ɗaure kaya, muka tsaya da mota a ƙofar gidan don yin sallama. Tsohon ya sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya, har mutumin Jos. Da ya zo kan ɗansa sai ya riƙe masa hannu.

"Wanga take guda na," ya ce. "Akwai sha ɗaya da ba ka ɗauka ba, kuma ba ni da wanda za ni ba. In ka tahi, da su za a rufe ni."

Abokina ya juyo ya dube ni. Muna da wasa a Jos Asabar mai zuwa, Kano ta biyo baya, kuma ƙungiya ba makaɗi ai mota ce ba taya. Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan kawo wannan hujjar. Sai na tuna wane ne ya toshe tsayin nan shekara goma sha huɗu. Na hau saman mota da kaina na jefo masa jakarsa.

Dawowa ba ta ba mu wahala ba, sai layin man Gusau da muka iske yadda muka bar shi. Mun shigo Kaduna Litinin da la'asar, mu huɗu da direba. A hanya na yi ta tunani. Duk garin da muka je nakan yi alfahari cewa mu muka yi kanmu da garwa da murfin tukunya, ashe abin da ya ciyar da mu duk shekarun nan gadon wani gida ne, kuma ko shi rabi muka ɗauko. Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Namu dai bai bar mu ba, zama ya yi yana jira, kuma saura ƙiris mu makara.

Mutanen Jos da Kano ku yi haƙuri, mun ɗaga wasa sai makaɗinmu ya dawo. Jiya ya aiko da saƙo ta hannun wani direban babbar mota. Ya ce ya ɗauki uku, saura takwas. Ya ce tsohon yana cewa sandunan Bature sun lalata masa hannu, safe da yamma faɗa yake sha, kuma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.