Kwana Biyu Wani Yana Amsa Sunan Inna Nas

Shekara talatin da ɗaya Inna Nas ta yi a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwa. Gajeriya ce kakkaura, ga faɗa, ga sanyin hannu. Rabin samarin layin a tafin hannunta suka yi kukan farko, shi ya sa in ɗaya ya ɗaga mata murya takan ce, "Kai, ni na yanke maka cibiya, shiga taitayinka." Maigidanta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse, sai autarta da ke aure a bayan kasuwa. Babu mai ciki a unguwar da ba ta riƙe da lambarta.

Wata Talata da hantsi, mata sun cika benci ana awo, saƙo ya shigo wayarta da tambarin hukumar ma'aikatan jinya. Wai lasisinta zai mutu yau, ta latsa nan ta sabunta, in ba haka ba a dakatar da ita. Saura shekara biyu ta yi ritaya, yanzu za a ce ta yi sakaci? Ta gyara tabarau ta latsa. Shafin ya nemi sunanta, lambar wayarta da hoton katin aiki, ta cike da yatsa ɗaya. Ba ta ajiye wayar ba sai ga kira, wani mai ladabi kamar ya kwanta.

"Ranki ya daɗe, abu ɗaya ya rage. Lambobi shida za su shigo miki yanzu, ki karanto mini."

Ta karanto. Ya yi godiya har da sa albarka. Daga nan manhajar da take hira da mutane ta ƙi buɗewa. Ta ce halin wayoyin zamani ke nan, sai auta ta zo ta duba, ta koma kan awo.

Shi kuwa mai ladabin ya riga ya shige shafinta na hira, yana amsa sunanta. Hotonta ne, da farin kayan aiki. Ya karance tsoffin saƙonninta har ya iya yadda take cewa "'yata".

Ranar Alhamis da azahar jini ya ɓalle wa matar wani tela, mai cikin wata takwas bayan ɓari biyu. Telan ya rubuta wa Inna Nas. Nan take amsa ta zo: kada su je asibiti, babu gado, ya turo kuɗin allura, ga ta nan tafe. Ya tura. Ya kira sau uku, wayar na ringi a aljihun rigar da Inna Nas ta rataye, ita tana can tana karɓar wata haihuwar. Wani saƙon ya shigo masa: "Ina cikin mota, ɗana, ka daina kira."

Sai bayan la'asar ya shigo da matar a motar maƙwabci, zaninta sharkaf.

"Me kuka zauna yi tun azahar?" Inna Nas ta daka masa tsawa.

"Ke kika ce mu jira, Inna."

Ya miƙo mata wayarsa. Ta ga fuskarta, ta ga maganar da ba ta taɓa yi ba. Ta sa safar hannu. An ceto uwar da kyar. Jaririn bai zo da rai ba, namiji ne, ita ta naɗe shi.

Washegari auta ta kai ta wurin mai gyaran waya. Ya duba saƙon Talatar ya girgiza kai.

"Mama, dubi adireshin, harafi ɗaya suka canza. Tarko ne. Babu hukumar da za ta ce ki karanto mata lambar sirri. Duk saƙon da ya zo da gaggawa da barazana, ki ajiye shi, ki taka da ƙafarki ki tambaya."

Ya dawo mata da shafinta, ya ƙara masa wani makullin. A ciki ta tarar da mata goma sha ɗaya da aka yi wa ƙarya da bakinta. 'Yan sanda sun rubuta bayani, ba a kama kowa ba. Asibiti ya ce ba ta da laifi. Ita dai ba ta yarda ba.

Ta je gidan tela gaisuwa. Ya amsa sallama yana kallon keken ɗinkinsa. Matar ce ta jawo mata tabarma, ta ce, "Inna, na san ba ke ba ce." Da zagi ta yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Ba ta jira shekara biyun ba, ta ajiye aiki. Faɗan ya tafi, jikin ya zube. Amma duk ranar awo takan zo ta zauna a ƙarshen benci cikin kayan gida, ta jira sabuwar nas ta gama bayanin abinci da allura, sannan ta miƙe da dafa bango.

"In kun ga jini, kada ku rubuta wa kowa, ku taho. Ko ni na ce ku jira, ku taho."