Sunan da ban taɓa kira ba

Shekarar da aka rufe boda, kasuwa ta kwanta, ɗana na fari ya zaunar da ni yana ɗaukar muryata. Na ba shi labarin tsofaffin rijiyoyin Illela da zuriyar mutanen Tozai da Garu. Ya zuba su a shafin intanet, ya buɗe asusun shafin da sunansa. Bara Allah ya karɓi abinsa.

Jiya ƙanwarsa Rabi ta zo da kwamfuta. Wai masu ajiye shafin sun ce a mayar da asusun sunan mai rai, in ba haka ba su rufe, duk aikin ya tafi.

Na ce ba mai taɓa shi.

Ta ce, "Baba, ba goge komai za a yi ba. Suna kaɗai za a sauya."

Na ce, "Sunan ne ya rage mani."

Ta ce, "Ya rage maka mi, Baba? Tun da na yi wayo ban ji ka kira shi ba. 'Wancan yaron' kake cewa."

Gaskiyarta. Ɗan fari ne, kunya ta hana. Ya rayu shekara arba'in bai ji sunansa a bakina ba, yau ga ni ina rigima don kada na'ura ta manta da shi.

Ku da naku ke raye, ku gaya mani, wa kunyar nan ta amfana?

Gobe bayan sallar asuba zan tafi maƙabarta, in yi masa addu'a, in kira shi da sunansa. In na dawo, Rabi ta sa nata.