Ƙwaryar da Na Ɓoye Ranar Husufi

Har yau in na ji taɓare biyu sun yi karo a bakin turmi, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Kakata ta wajen uba makaɗiyar ƙwarya ce a Matameye, har daga Tsauni da Dawce ake zuwa ɗaukarta biki. Ita a wurinta sama ma lugude take yi. Takan ce rana da wata turminsu ɗaya, wannan ya ɗaga, waccan ta sauke. Ranar da ɗaya ya kuskure bugu sai su gwabzu, shi ne husufi, kuma kiɗa ne kaɗai ke mayar da su kan hanya. Gwangwanin da yara ke bugawa ranar husufi hayaniya ce kawai, in ji ta. Bugun gaskiya yana cikin wata baƙar ƙwarya da ta gada wurin uwarta.

Ni kuwa ina lakwal, makarantar boko, kaina na hayaƙi. Mushe, malaminmu, ya zana mana a allo, ya ce lissafi ne: jibi da hantsi wata zai tare rana, ya kuma wuce, ko an buga ko ba a buga ba. Na ce bari in gwada. Na ɗauke ƙwaryar na cusa a rumbu.

Bazara ce, amma hantsin nan sai wani sanyi ya sauko. Haske ya koma kamar ruwan toka. Kaji suka nufi akurki, awaki suka yi tsit, aka ta da salla a masallaci. Tsohuwa ta birkice ɗakinta kaf, ta fito ko ɗankwali babu.

"Ke 'yar nan, ba ki ga ƙwaryata ba?"

Na ce ban gani ba. Wallahi ni ma na tsorata, na ce shi ke nan na kashe rana, amma ƙafata ta ƙi zuwa rumbun.

Can sai haske ya dawo da kansa. Zakara ya yi cara. Ta daɗe tana kallon inuwarta a ƙasa, sannan ta ce, "Ashe rana da wata ba sa bukatata."

Da yamma na lallaɓa na mayar da ƙwaryar. Ta gani, ba ta tambayi kowa ba. Ba ta sake bugawa ba, ko a biki, har Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu waya ke gaya wa 'ya'yana lokacin husufi tun kafin ya zo, kuma na san Mushe gaskiya ya faɗa. Amma ƙwaryar tana ɗakina. Duk sa'ad da sama ta fara dushewa nakan kife ta a ruwa, in zauna da sanda a hannu. Ban san bugun ba. Ban taɓa tambayarta ba.