Ludayin Farko na Zinariya

Duk wanda ya ƙara kiran Zinariya mai aljanu a gabana sai na wanke shi tas, ko da furfura a gemunsa. 'Yar wan babana ce, ɗaki guda muka tashi a ƙauyenmu da ke kan hanyar Daura zuwa Baure, kuma komai a kan idona ya faru.

Fura take sayarwa a gindin wata tsohuwar tsamiya, wurin da ta gada daga uwarta. Ta gaji har da ƙa'idar wurin: kafin ta sallami kowa, ludayin farko na nono a saiwar bishiyar take zubawa, rabon mutanen ɓoye da ke zaune a ciki. Ba wanda ya taɓa cewa uffan. Tsofaffin da ke zaginta yau, a inuwar nan suke miƙe ƙafa su sha fura.

A nan Kalilu ya gan ta a 1975, tana 'yar shekara goma sha takwas. Direban katafila ne a kamfanin da ke aikin titi, lokacin da kuɗin mai suka sa kowa yana ganin duniya ta zama tasa. Wando mai faɗin ƙafa, rediyo a kafaɗa, ga surutu. Fura ɗaya yakan yi awa guda yana sha, har ƙudaje su gaji su bar shi. Ni ban ga abin so ba, amma ita da ta ji ƙarar katafila sai ta kama gyara ɗankwali. Iyaye suka shiga maganar, aka sa rana bayan girbi.

Sai awon titi ya faɗa kan tsamiyar. Zinariya ba ta ce a bar bishiyar ba. Abin da kowa ya sani ta roƙa: ba a kayar da irin wannan tsamiya sai an yi wa masu ita sallama, a ba su kwana uku su kwashe 'ya'yansu. Kalilu ya yi mata alkawari. Washegari shugaban aikin ya ce ba shi da kwana uku, leburori suka yi ta yi wa Kalilu dariya wai budurwa ta sa shi tsoron itace. Dattawan gari suna tsaye a wurin. Duk sun san ƙa'idar, amma kowannensu ya ƙosa kwalta ta bi ta ƙofar gidansa, ba wanda ya buɗe baki. Da tsakar rana, lokacin da ba a ratsawa ta gindin tsamiya, balle da goyo, Kalilu ya hau katafila ya tunkuɗe ta.

Ko ciwon kai bai yi ba. Ya sauko yana murmushi, ya gaishe ni da sunana, sannan ya dubi Zinariya tana tsaye da ƙwaryarta.

"Baiwar Allah, ina yarinyar da ke sayar da fura a nan?"

Muka ɗauka wasa yake. Ya san uwarsa, ya san ranar aurensa, yana iya siffanta Zinariya har wushiryarta, amma in ta tsaya gabansa baƙuwa yake gani. An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi asibiti a Katsina. Ta ce masa ita ce har muryarta ta dushe, shi kuma ya ce ta ji tsoron Allah ta daina yi masa ƙarya. Girbi ya zo ya wuce.

Abin da ke ƙona mini rai, dattawan nan da suka yi gum su ne suka ce ludayinta ne ya jawo masa. 'Yan gari suka daina sayen furarta, sai matafiya. Ina jin haushin Kalilu da ya fi jin kunyar leburori a kan alkawarinsa, ita ma ina jin haushinta, don tun daga nan manema uku ta kora.

Shekara huɗu ke nan, titin har ya fara ramuka. Tana zama a bakinsa cikin rana, ludayin farko a kan kwalta take zubawa, daidai inda tsamiyar take a da, ko masu ita za su huce. Duk ranar kasuwa Kalilu sai ya zo ya sayi fura ya yi tambayarsa. Jiya ina wurin ya yi ta, na jira ta ce ita ce, sai ta gyara masa tabarma.

"Ta je ɗebo ruwa, Malam. Zauna ka jira ta."

Ya zauna kusa da ita har la'asar, yana kallon hanya.