Shekarar da na ɗage ƙididdiga saboda tattasai

Tun da na shiga jami'a a Yamai karatun tattalin arziki, da lokacin tsinkar tattasai nake auna darussana. Mahaifina yana da gona a bakin kogin Komadugu, kuma a gidanmu ba a tambayar wanda zai zo tsinka. Kowa zai zo. Ni ne namiji babba, ni ke tsayawa kan shanya da cika buhuna.

A shekara ta biyu darasin ƙididdiga ya faɗo daidai watannin sanyi, lokacin da tattasai ke nuna. Ana yarda ɗalibi ya bar darasi ɗaya ya wuce gaba, ya dawo masa daga baya. Na yi ta juya maganar. Na je wurin malamin da ke kula da ajinmu, Mushe kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci, ya saurare ni yana goge tabarau.

"Ka san ba a shiga darasin ekonometri sai da ƙididdiga?"

"Na sani, Mushe. Baɗi zan haɗa su."

"Haɗa su? Ɗaya ƙofar ɗaya ce, ɗan Diffa. Idan ka bar ta, shekara ka bari."

Ina jin na fahimce shi. Ko kuma na ɗauka za a sassauta, don ana ta cewa za a canza tsarin. Ban tabbata ba yanzu. Na dai bar ƙididdiga, na gama sauran jarrabawa, na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa gida.

Ban tarar da gona ba. Sojoji sun hana zuwa bakin kogi saboda rashin tsaro, an hana hawa moto, wato babur, man injin ban-ruwa ma ba ya samuwa. Mutanenmu sun taso sun kafa rumfuna kusa da garin Assaga, a gefen kwalta. Na samu Baba zaune kan buhunan da ya saya tun kaka, babu komai a cikinsu.

"Malam, me ya kawo ka?" Haka yake kirana idan zai yi mini tsiya.

"Tsinka, Baba."

"To bisimilla, tsinki." Ya nuna mini rairayi.

Inna ce kaɗai ta yi dariya, ita ma ba sosai ba.

Na yi watannin nan ina bin layin ruwa da jarka. Da yamma nakan buɗe littafin ƙididdiga, in karanta shafi ɗaya sau da yawa, ba ya shiga. Da na koma Yamai ba a canza komai ba. Abokaina suka shiga ekonometri, ni na zauna da ƴan bayanmu, darasi ɗaya tak na shekara guda.

Da sanyi ya dawo, Baba ya kira ni a waya. An ɗan sassauta dokar sojoji, sun samu sun shuka wani yanki, tattasai ya yi ja.

"Yaushe za ka taso?"

Na ce jarrabawar tana tsakiyar tsinka. Na fara yi masa bayanin darasin da ke buɗe wani darasi, na ji bayanin yana tsawo, na bar shi nan.

"Wannan na bara ne?"

"Shi ne, Baba."

Ina jin ƙarar injin ban-ruwa a bayansa.

"To zauna ka gama da shi," ya ce. "Ƙanwarka za ta tsaya kan shanya."

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Tattasan shekarar ban gan shi ba, sai ɗan ƙulli da Inna ta aiko mini ta hannun direba.