Yajin da Ya Kai Tabawa Unguwar Shanu

A gidanmu na Kawo, cikin Kaduna, idan damina ta yi nisa sabuwar masara ta fito, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Babba, a ƙarƙashin rumfar kwano. Tana juya masara a kan garwashi, mu jikokinta muna ture-turen wurin zama.

"Ku matso," in ji ta, "ga wata baƙuwa ta iso daga nesa."

"A ba ta tabarma!" haka muke amsawa da ƙarfi.

Baƙuwar ita ce tatsuniyar daren, kuma wadda muka fi roƙo ita ce ta Tabawa. Tabawa 'yar wani mahauci ce a wani ƙauye can wajen Funtuwa. Yayanta Ɗanjuma ya tafi Kaduna neman sana'a, shekaru suka wuce ba labari. Da ciwo ya kwantar da mahaifiyarsu, sai ta ce ba abin da take so illa ta ga ɗanta. Tabawa ta ɗaura zane ta hau mota. Ba ta san unguwarsa ba. Abu ɗaya ta sani: duk inda yake, tsire yake yi, kuma da yajin ubansu, mai kimba da yawa da soyayyar citta.

Daga nan ne labarin ke daɗi, domin Inna Babba sai ta zagaya da mu gari kaf muna zaune. Tabawa ta sauka a tashar Kawo, wata Bafulatana ta dama mata fura, ta ce ta gwada Babbar Kasuwa. A can ta ɓata tsakanin layin atamfa da layin 'yan tukwane, har wata mai waina ta zaunar da ita, ta zuba mata da miyar taushe, ta kuma ba ta wurin kwana. Washegari ta gangara bakin kogi, ta tsaya baki buɗe tana kallon jirgin ƙasa yana haye gada, masu suyar kifi suna mata dariya. Ta bi ta Unguwar Rimi tana leƙen gidajen ma'aikata masu katanga da furanni. Duk tukubar da ta gani sai ta ɗanɗana yajin.

"Shi ne?" sai mu tambaya.

Inna Babba ta lumshe ido, ta motsa baki kamar mai tauna. "A'a, wannan gishiri ya yi masa yawa. Mu je gaba!"

Idan ta tsallake ko da ƙosai ɗaya, sai mu yi ca a kanta: "Inna, kin manta mai awarar Unguwar Kanawa!"

A rana ta uku, wani tsoho mai kilishi ya ce mata akwai wani Bakatsine a Unguwar Shanu da mutane ke yi wa layi. Tun daga bakin lungu ƙamshin ya tare ta. Ta ƙarasa da gudu, ta dangwali yajin da ke kan takarda, ta sa a harshe.

"Malam, wa ya koya maka wannan dakan?"

Mutumin ya juyo, wuƙar ta faɗi daga hannunsa. "Tabawa?"

Nan fa mu yi ta tsalle da ihu, masara na ƙonewa ba wanda ya kula. Inna Babba ta ce sun kama hanya a ranar, sun sami tsohuwa da rai, ta shafa kan ɗanta ta sa masa albarka. Sai ta rufe da cewa, "Baƙuwa ta gaji, ku ba ta hanya ta wuce."

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa Tabawa sunan Inna Babba ne na yarinta. Kome ya faru yadda ta faɗa, ban da ƙarshen. Sun isa ƙauye kwana biyu bayan an binne tsohuwar.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Shekara da shekaru tana ba mu labarin nan, ba ta taɓa bari mu ji ɗacinsa ba, sai waina da kifi da kirkin baƙin mutane. Yanzu aiki yana kai ni garuruwa, kuma ko'ina na sauka ba na iya zaman masauki. Nakan shiga tsofaffin lunguna, in zauna gaban mai tuya, in tambaye ta labarin unguwa. Amma idan aka ce wani nawa ba shi da lafiya, ko tukunya ce a kan wuta, saukewa nake yi in tafi a ranar.