Injin Sani da Shanun Baba

Matso ka ji, yau bakina har kunne. Ɗana Sani ya haɗa injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, amma yana tashi sai ya fizga, zanen ya karkace. Katako ɗaya ya rage masa. Kukan injin ya tuna mini marigayi Baba yana huɗa, ƙasa tana ƙamshin ruwan shuka, yana lallashin shanunsa: "Ku tashi sannu, ku tsaya sannu, gudu sai tsakiyar gona."

Na faɗa wa Sani. Ya ce, "Inna, inji ba sa ba ne." Amma ya saita shi haka, zanen ya fito sumul! Allah ya jiƙan Baba. Kai wace maganar tsohonku ce take maka aiki?